Ido da Haƙuri: Ɗaukar Hoton Tsuntsaye Masu Farauta a Daji

[Taken shiri]

Wannan shi ne shirinmu na faɗakarwa a kan muhalli da halittun da Allah ya zuba a cikinsa. Yau sama za mu ɗaga kai mu duba. Za mu tattauna a kan tsuntsaye masu farauta, su shaho da shirwa da gaggafa da mikiya da mujiya, har da ungulu mai share mana mushe, da kuma yadda ake ɗaukar hotonsu a daji suna tsakiyar neman abincinsu.

Wataƙila wani ya ce, ni da ko kyamara ban mallaka ba, ina ruwana da wannan zance? Malam, kada ka murɗa akwatin rediyonka tukuna. Mafi yawan wannan aiki sanin halin tsuntsu ne, kyamara daga baya take shigowa. Sanin halin tsuntsu kuwa, manomi yana da rabonsa, makiyayi yana da nasa, haka uwar gida mai kiwon kaji, tunda Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Abin da muke so mu kafa a yau guda ne: hoton kirki na tsuntsu mai farauta, ilimi da haƙuri ke samar da shi, kuma babu hoton da darajarsa ta kai a cutar da tsuntsun saboda shi.

Bari mu fara da idon tsuntsun, domin shi ne abu na farko da mai kyamara zai yi karo da shi. A can cikin idon ɗan Adam akwai ɗan gurbi guda ɗaya inda gani ya fi kaifi. Shaho da mikiya kuwa gurbi biyu gare su a kowane ido, ɗaya na hango abin da ke nesa ta gefe, ɗaya na duban abin da ke gaba. Shi ya sa za ka ga shaho ya karkata kai yana duban abu da ido ɗaya: hangen nesa yake yi. Masana sun auna idon wata babbar mikiya ta ƙasar Ostareliya, suka tarar kaifinsa ya ninka namu fiye da sau biyu. Darasin da ke nan ga mai ɗaukar hoto shi ne, kafin ka ga tsuntsun ya daɗe da ganinka. Saboda haka sanɗa ba za ta ɓoye ka ba. Abin da za ka nema shi ne ya gan ka, ya auna ka, ya yanke cewa ba ka da wata illa, ya koma ga sha'aninsa.

Bayan ido sai makami. Mikiya da yawancin shahuna da ƙafa suke kisa, su damƙe abin farauta da farata su matse. Amma shahunan nan masu dogayen fukafukai masu tsini suna da wani ɗan haƙori a gefen bakinsu na sama, da shi suke karya wuyan abin da suka kama. Sannan a yawancin waɗannan tsuntsaye, mace ta fi namiji girma. In ka ga biyu a reshe ɗaya, ɗaya ya ɗara ɗaya, to galibi babbar ita ce matar.

Yanzu sai mu shiga cikin farautar kanta, domin kowane tsuntsu da salonsa, kuma salon nan shi zai gaya maka inda za ka tsaya da inda za ka saita kyamara.

Akwai masu fyauce daga sama. Sarkinsu shi ne shahon da masana ke kira feregirin, wanda ake samu kusan ko'ina a duniya. Yakan hau can ƙololuwa, ya naɗe fukafukai, ya sulmiyo ƙasa da gudun da ya haura kilomita 300 a sa'a, ya bangaji tattabara ko agwagwar ruwa tana cikin tashi. Babu wata halitta da aka san ta fi shi gudu. Mai kyamarar da ya ce zai bi shi da ido daga farko zuwa ƙarshe, wahala kawai zai sha. Dabarar ita ce ka sa ido a kan abin da ake farauta. In garken tattabaru ya dunƙule farat ɗaya ya canza hanya, ko ƙananan tsuntsaye suka yi tsit, to mai gayya yana sama. A ƙasarmu akwai ɗan uwansa da masana ke ce wa lana, mazaunin manyan duwatsu. Shi yakan yi farauta tare da matarsa, ɗaya ya tayar da tsuntsaye, ɗaya ya tare su. Da rani za ka same shi yana kewaya mashaya, inda kurciyoyi ke taruwa shan ruwa. Akwai kuma wani ƙaramin shaho mai jan ƙeya wanda ba ya nisa da giginya, a cikinta ma yakan yi sheƙa. Wanda ya san wannan, ba zai ɓata lokaci yana yawo ba, fadama mai giginyu zai nufa da sassafe ko da la'asar sakaliya.

Akwai masu dako. Su waɗannan sukan sami busasshen reshe, ko falwayar lantarki, ko kan suri, su zauna shiru suna duban ƙasa, suna jiran ƙadangare ko ɓera ko fara ta motsa. Su ne suka fi sauƙi ga mai koyo, domin tsuntsun yakan koma mazauni guda kullum. Farin kashi a jikin dutse ko a gindin itace, da tarin gashin tsuntsaye da aka fige, duk alamu ne cewa wurin yana da mai shi.

Akwai masu tsayawa cak a iska, irin su karambata. Za ka gan ta a saman gona tana kaɗa fukafukai ba ta gaba ba ta baya. Kullum iska take fuskanta, kuma duk yadda jikinta ke rawa, kanta ba ya motsi, saboda idon ya tsaya a kan abin da take so. Daga nan sai ta sauko mataki-mataki, ta sake tsayawa, sannan ta faɗa. Wannan tsayawar ita ce damar mai hoto ta daidaita kyamararsa.

Akwai baƙi masu zuwa mana daga Turai idan sanyi ya kama can. Wasu siraran shahuna ne masu dogon bindi, suna tafiya ƙasa-ƙasa a saman ciyawa, suna tangaɗi hagu da dama. Sukan ƙetare hamada su yi rani a yankin Sahel, daga Senegal har Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, kuma babban abincinsu a nan shi ne fara. Ka ga ashe ma'aikatan manomi ne da ba ya biya. Tare da su akwai shaho mai kamun kifi, wanda ake gani a manyan ruwaye irin na dausayin Haɗeja da Nguru. Shi yakan faɗa ruwa da ƙafafu a gaba, wani lokaci ya nutse gaba ɗaya, yana da yatsan waje da ke juyawa baya don riƙe kifi mai santsi, in ya tashi kuma sai ya juya kan kifin gaba don kada iska ta dame shi. Mai hoto ya sani cewa bayan ya ɗan yi sama zai girgije ruwan jikinsa yana cikin tafiya. Wannan girgizar tana daga cikin hotunan da ake jira. Mikiyar ruwa tamu mai farin kai kuwa, daga saman ruwa take sure kifi, kuma ba ta jin nauyin ƙwace na wani.

Akwai masu salon ban mamaki. Wani shaho mai launin toka yana da gwiwar da ke lanƙwasawa gaba da baya, yakan maƙale a jikin itace ya zura ƙafa cikin kogo ko cikin sheƙar ƙananan tsuntsaye ya zaro abin da ke ciki. Wani kuma ba ya fitowa sai almuru, lokacin da jemagu ke barin maɓoyarsu, ya kama su a iska ya haɗiye ɗungurungum. Ga kuma dogon tsuntsun nan mai tafiya a ƙasa da tukkun gashi a ƙeya, wanda ake ce wa sakatare, mai tattake maciji da ƙadangare. A wani gwaji da aka yi a Ingila aka wallafa a 2016, an tarar ƙarfin shurinsa ya kai ninki 5 na nauyin jikinsa.

Sai shirwa, wadda kowa ya sani. Duk mai son koyon wannan aiki, da ita ya kamata ya fara. Tana kasuwa, tana mayanka, tana bakin kogi. In gobarar daji ta tashi za ka ga shirwa da wasu shahuna sun yi dandazo a bakin hayaƙi suna cafke farar da wuta ta koro. In ruwan farko ya sauka shinge ya tashi, za ka gan ta tana kama shi da ƙafa tana kai wa baki ba tare da ta sauka ba. Ka lura da bindinta mai baki biyu, yadda take murɗa shi tana juya akalar tafiyarta. Wanda ya iya bin shirwa da kyamara har hotonta ya fito tas, ya kama hanyar iya sauran.

Mujiya kuwa ta dare ce, kuma kunne ne babban makaminta. A farar mujiyar nan mai kwana a rufin gidaje da kangaye, kunne ɗaya ya ɗara ɗaya tudu, fuskarta mai faɗi kuma tana tattaro sauti. An gwada ta a ɗaki mai duhu ƙirin, ta kama ɓera da jin motsinsa kaɗai. Gashin fukafukanta yana da laushi da ƙananan tsaga a baki, shi ya sa ba a jin tashinta. Ƙasusuwan wuyanta 14 ne, namu 7, tana iya juya kai har digiri 270. Jama'a, tsuntsuwar da ake jifa saboda camfi, ita ce ke rage mana ɓerayen rumbu.

Na ƙarshe su ne masu jewa, ungulu da manyan mikiyoyi da gaggafa. Su ba sa ɓata ƙarfi wajen kaɗa fukafukai. Sukan jira hantsi ya ɗaga, ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa sama, sai su shimfiɗa fukafukai ta ɗauke su suna kewayawa. Kuma suna kallon juna: in ɗaya ta sauko, na nesa sun gani, sai su biyo. Gaskiyar Bahaushe da ya ce ungulu ba ta jewar banza. Nisan da suke kaiwa kuwa sai ka riƙe baki. A ranar 29 ga Nuwamba 1973, wani jirgin sama ya yi karo da mikiya mai cin mushe, irin wadda masana suka laƙaba wa sunan Ruppell, a samaniyar Abijan, a tsawon mita 11,300. Har yau ba a tabbatar da wani tsuntsu da ya haura haka ba.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ɗaukar hoton tsuntsaye masu farauta. Mun ji salon kowanne, yanzu sai yadda mai kyamara zai yi amfani da wannan sani.

Abu na farko iska. Tsuntsu yana tashi ne yana fuskantar iska, haka kuma yake sauka. Saboda haka ka tsaya inda iska ke bugun bayanka, in ya tashi wajenka zai fuskanto, ka sami fuska da ƙirji maimakon bindi. In ka yi sa'a rana ma tana bayanka, to ka haɗa biyu. Hasken safe da na yamma ya fi, domin yana shiga ƙarƙashin fukafukai, na tsakar rana kuwa inuwa yake jefawa a ido.

Abu na biyu karanta jikin tsuntsun. Wanda ya tsaya da ƙafa ɗaya, gashinsa a buɗe, yana gyara jiki, hutawa yake, kai ma ka huta. In ya sauke ƙafar, ya lafe gashi, ya kafe wuri guda da ido, yana ɗaga kai yana saukewa, to nisa yake aunawa. Sau da yawa yakan yi kashi kafin ya tashi. Ka ga ya sunkuya gaba, yatsanka ya riga ya kasance a kan maɓalli, domin in ka jira sai ya buɗe fukafukai, reshe kawai za ka ɗauka. In ya yi kamu ya sauka, zai baza fukafukai ya lulluɓe abincin, kamar yaro ya kāre kwanonsa da hannun riga, don kada wani ya ƙwace. A wannan lokaci kada ka matsa ko taku ɗaya. Farmakinsa da yawa ba ya cin nasara, in ka kore shi daga wanda ya samu, mai yiwuwa ka sa shi kwana da yunwa.

Abu na uku kayan aiki. Masu wannan sana'a sukan yi amfani da gilashin zuƙo nesa mai tsawon milimita 400 zuwa 600. Ga tsuntsu mai tashi, ana so ƙyaftawar kyamara ta yi sauri ƙwarai, kashi 1 cikin 2000 na daƙiƙa ko fiye, in ba haka ba fukafukai za su fito a dusashe. A saita kyamarar ta riƙa bin abin da ke motsi, ta kuma riƙa ɗauka a jere muddin yatsa na kan maɓalli. Ido ake nema: in idon tsuntsu ya fito tas, hoto ya yi, in bai fito ba, komai kyan sauran an yi asara. Sannan farin sararin sama yakan ruɗi kyamara ta rage haske, tsuntsun ya fito baƙi wuluk, saboda haka a ƙara haske mataki ɗaya ko biyu. Lokacin hunturu a kiyayi ƙura, kada a cire gilashi a fili, a kuma lulluɓe kyamara da ƙyalle in ba a aiki da ita.

Mota maɓoya ce mai kyau, domin tsuntsayen bakin hanya sun saba da ita fiye da mutum a tsaye. Ka tsaya nesa kaɗan, ka kashe inji, ka ɗora ɗan buhun wake ko shinkafa a kan taga ka kwantar da kyamara a kai. In a ƙafa kake, ka sa tufa marar ƙyalli, kada ka nufi tsuntsun kai tsaye, kada ka kafe shi da ido, ka riƙa tafiya a karkace kana tsayawa. Wanda ba shi da babbar kyamara kuma kada ya karaya. Ana kara wayar hannu a bakin madubin hangen nesa a ɗauki tsuntsun da ke zaune, hoton ya isa a gane ko wane iri ne.

Wannan sana'a tana da magabata. A Ingila, wasu 'yan uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, sun ɗauki hoton sheƙar tsuntsu da ƙwai a 1892, a 1895 kuma suka fitar da littafi a kan sheƙunan tsuntsaye wanda hotunan kyamara ne kaf a cikinsa. Don su kusanci tsuntsaye har mutum-mutumin bijimi suka sa aka ƙera musu da fatar bijimi ta gaske, cikinsa a rarake, mutum ya shiga da kyamara ya leƙo ta ƙirji. Maharbanmu da ke ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya cikin ciyawa sun san wannan hikima tun da daɗewa. Bayan su Kearton aka yi Eric Hosking, wanda ya shahara da hotunan mujiya. A 1937, yana da shekara 27, wata mujiya mai 'ya'ya ta kai masa sura da dare a kusa da sheƙarta a yankin Wales, ya rasa idonsa na hagu. Da ya warke ya koma bakin aikinsa, ya yi ta yi har ƙarshen rayuwarsa. Labarinsa yana nuna naci, yana kuma nuna cewa uwa a bakin sheƙa ba ta san wasa ba.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Yanzu mun zo kan ɓangaren da ya fi kowanne nauyi, wato amana.

Wasu masu gaggawa sukan ɗaure ɗan tsako ko ɓera da zare su ajiye a fili, don shaho ya kawo sura a gaban kyamara. Wannan zalunci ne ga abin da aka ɗaure, cuta ce kuma ga tsuntsun, domin an koya masa cewa wurin mutum ake samun abinci, gobe ya kusanci wanda zai harbe shi, ko ya faɗa gaban mota. Sannan hoton ƙarya ne, tunda an nuna wa jama'a shiri an ce farauta ce. Babbar gasar hotunan namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa ta hana amfani da dabba mai rai a matsayin tarko. A farkon 2010 ma ta ƙwace kambun wanda ya lashe gasar 2009, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke cikin hotonsa na kiwo ne.

Sai batun sheƙa. Manyan mikiyoyi da gaggafa da ungulu, yawancinsu ƙwai ɗaya tak suke yi. Gaggafa takan kai shekara 7 zuwa 8 kafin ta gama rikiɗa ta zama babba. Ka tayar da uwa daga kan ƙwai a zafin ranar ƙasar nan, kafin ta dawo rana ta gasa shi, ko hankaka ya fasa, ka ga haihuwar shekara guda ta salwanta saboda hoto ɗaya. Kada a hau itacen sheƙa, kada a sare reshe don a buɗe wa kyamara hanya. In tsuntsu ya daina abin da yake yi ya koma kallonka, ko yana kuka yana kewaya kanka, ka matso da yawa, ja da baya. A Birtaniya, dokar 1981 ta kare namun daji ta sa dole sai da lasisi kafin a ɗauki hoton wasu tsuntsaye a sheƙarsu. Ko inda babu irin wannan doka, tsoron Allah ya isa ya hana. Haka nan kada a tura ƙaramin jirgi marar matuƙi kusa da su, domin sukan ɗauke shi abokin gāba su kai masa hari, farfelarsa ta yanke su. Kada kuma a dallara wa mujiya fitila a ido tana cikin farauta.

Akwai wata amanar da zamani ya kawo. Wayar hannu takan liƙa wa hoto bayanin ainihin wurin da aka ɗauke shi. Ka sa hoton sheƙa a Facebook ko WhatsApp tare da sunan ƙauye, ba ka san wanda ka yi wa jagora ba, domin akwai masu neman waɗannan tsuntsaye don sayar da sassansu a kasuwar magani da tsubbu. Wata farar ungulu da masana suka maƙala wa na'urar bin sawu a ƙasar Girka a 2013, ta ƙetare teku da hamada lafiya, ta yi zamanta a kudancin Nijar, amma a 2014 aka kashe ta a can saboda wannan ciniki. Don haka a kashe alamar wuri kafin a yaɗa hoto, kuma a ɓoye inda sheƙa take.

Me ya sa muke wannan jan kunne? Saboda tsuntsayen suna ƙarewa a kan idonmu. Dattawa, ku tuna yadda ungulu ke cika mayanka da rufin kasuwa shekaru 30 da suka wuce, ku dubi yau. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. A wajen gandayen daji da ake karewa, manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ungulun nan tamu ta gari cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, a 2020 kuma gaggafa da sakatare suka shiga sahun masu fuskantar haɗari. A shekarar 2020 ɗin, an kashe ungulu fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau. Wani bincike da aka wallafa a Janairun 2024 ya duba iri 42 na tsuntsaye masu farauta a Afirka, ya tarar kusan kashi 90 cikin 100 nasu suna raguwa. Dalilan sanannu ne: guba da ake sa wa mushe, cinikin sassan jiki, sare manyan itatuwan da suke sheƙa, maganin ƙwari, da wayoyin lantarki. Indiya ta ɗanɗana abin da ke biyo baya. Wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kusa share mata ungulaye kafin a hana ba dabbobi shi a 2006, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita.

A nan ne hoto yake zama shaida. Hoton gaskiya mai ɗauke da kwanan wata da wuri yana gaya wa masana cewa tsuntsu kaza yana nan a wuri kaza. In ka ga tsuntsu da zobe a ƙafa ko lamba a fiffike, ka yi ƙoƙarin ɗaukar lambar ta fito, domin da ita ake gane ƙasar da ya fito da shekarunsa. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda aka kafa a 2001, tana jagorantar aikin tattara bayanan tsuntsayen Najeriya, kuma 'yan sa kai ne ke aika yawancin bayanan ta waya. Irin waɗannan masana su ya dace a gaya wa ainihin wuri. Sannan hoton mujiya riƙe da ɓera, in aka nuna wa yara a makaranta, zai yi aikin da dogon wa'azi bai yi ba wajen sa su ajiye danƙo.

Kafin mu rufe, ga gargaɗi kan lafiyar mai ɗaukar hoton kansa. Kada ka shiga dajin da ba ka sani ba, musamman a wannan hali na tsaro. Ka fara gaida mai unguwa ko dagaci, ka bayyana abin da ya kawo ka, ka nuna wa mutane hotunan da ke cikin kyamararka, domin dogon gilashi daga nesa yana iya sa a yi maka mummunar fahimta. Kada ka saita kyamara wajen barikin soja ko filin jirgin sama. A gandayen daji irin su Yankari ko Dagona, ka nemi izini ka tafi da ɗan rakiya. Ka tambayi makiyaya da masunta, sun san itacen da gaggafa ke sauka da lokacin da mikiyar ruwa ke zuwa. Ka riƙe ruwan sha, ka sa takalmi mai rufi saboda maciji da ƙaya.

Ga aikin da za mu bar muku a wannan mako, mai kyamara da marar kyamara. Ka zaɓi wuri guda kusa da gida inda shirwa ko shaho ke zuwa. Ka zauna rabin sa'a kullum, ka lura da lokacin zuwansa, da inda iska ke fitowa, da abin da yake yi kafin ya tashi, da abin da yake kamawa, ka rubuta a takarda. Iyaye da malamai, ku tafi da yara. In kuma kun ga ana sa wa mushe guba, ko ana sayar da kan ungulu, ku yi nasiha da lalama, in abin ya faskara ku sanar da jami'an gandun daji na yankinku.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau.  Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. 

[Taken rufewa]